Wasiƙa daga Hiroshima zuwa ga Kawu

Assalamu alaikum Kawu, bayan gaisuwa mai yawa tare da fatan kuna lafiya. Kun tambaye ni yadda kaya da hidimomi suke a nan Hiroshima ta ƙasar Japan, kuma amsar ba za ta cika ba sai na ambaci bam ɗin nukiliyar da Amurka ta jefa wa garin ranar 6 ga Agusta 1945, domin tabonsa yana jikin abubuwa da yawa da nake biya wa kuɗi.

Jirgin ƙasa na cikin gari nake hawa zuwa aiki, kuɗinsa a ƙayyade yake, babu cinikin da muka saba yi da mai a-daidaita-sahu. Kwana uku bayan bam ɗin wani sashe na layin ya koma aiki, kuma har yau taragu masu lamba 651 da 652, waɗanda wutar ta taɓa, suna ɗaukar fasinja.

Asibiti ne ya fi ba ni mamaki. Ni da nake da inshorar lafiya kashi 30 cikin ɗari nake biya, amma tsofaffin da suka tsira daga bam ɗin, waɗanda ake kira hibakusha, suna da wani littafin lafiya tun 1957 wanda gwamnati ke ɗaukar nauyin jinyarsu da shi. Sai na tuna yadda a gida ake aiken ɗan jinya ya sayo safar hannu da allura kafin a duba mara lafiya. Wannan gata kuwa sai da suka yi gwagwarmaya suka samu, kuma ƙungiyarsu, Nihon Hidankyo, ita ce ta karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024.

Kifi ya fi nama sauƙi a wurina, kuma shi ma yana da tarihi. A 1954 tokar gwajin bam ɗin nukiliya na Amurka a tsibiran Bikini da ke tekun Pasifik ta zubo wa wani jirgin masuntan Japan, mutane suka ƙaurace wa kifi don tsoron guba, matan aure na unguwar Suginami a Tokyo suka shiga gida-gida neman sa hannu a takardar kiran a haramta makaman nukiliya, har aka tara fiye da miliyan 30.

Shiga gidan tarihin bam ɗin yen 200 ne kacal, bai kai kuɗin kwanon taliya ba. Sai dai, Kawu, duk da sashe na 9 na tsarin mulkin Japan ya haramta yaƙi, gwamnati ba ta sa hannu a yarjejeniyar haramta makaman nukiliya ta 2017 ba, saboda ta dogara da kariyar Amurka, kuma maƙwabcina tsoho ba ya ɓoye takaicinsa a kan haka.

A gaishe mini da Gwaggo da yara.