Taurin Katifa a Jirgin Ruwan Shaƙatawa: Wace Shimfiɗa Ce Ta Cancanci Shiga Akwati?

A dare na uku na tafiyata ta farko a jirgin ruwan yawon shaƙatawa, wadda ta tashi daga Basalona ta zaga Bahar Rum na tsawon kwana goma, na farka wajen ƙarfe uku na dare na ji kafaɗata ta hagu ta mutu murus, kwankwasona kuma yana zogi kamar na kwana a kan daɓe. Ɗakin tsaf yake, zanen gado fari ƙal, amma katifar ba ta lotsawa ko kaɗan idan an danna ta da tafin hannu. Na ƙarasa daren a zaune bisa kujera, washegari kuma na fasa sauka zuwa garin da na daɗe ina marmarin gani, saboda ba zan iya doguwar tafiyar ƙafa ba. Tun daga lokacin na gwada dabaru iri-iri, na kashe kuɗi a kan abin da ya amfane ni da wanda ya cuce ni, shi ya sa nake ganin ya dace in baje su ga wanda yake shirin irin wannan tafiya.

Taurin katifun jirgi yana da dalili. Katifa ɗaya tana karɓar baƙi mabambanta nauyi mako bayan mako duk shekara, don haka kamfanoni suka fi son wadda ba za ta yi rami a tsakiya da wuri ba. Yawanci kuma a kan firam na ƙarfe ake ɗora ta, an bar ƙarƙashinsa fili domin a tura akwatuna, babu wani abu mai motsi da zai tallafa mata daga ƙasa. Ga kuma dokar gobara: yarjejeniyar SOLAS ta kare rayuka a teku, wadda aka fara tsarawa a 1914 bayan nutsewar Titanic a 1912, ake kuma aiki da ta 1974 a yau, ta sa dole kayan shimfiɗar jiragen fasinja su tsallake gwajin kamawar wuta, don haka ba kowace katifar kasuwa ce ake shigarwa jirgi ba. Mutane da yawa sun taso da jin cewa katifa mai tauri ita ce maganin ciwon baya. Wani bincike da aka yi a Sifaniya a kan mutum 313 masu daɗaɗɗen ciwon baya, wanda mujallar likitanci ta The Lancet ta buga a 2003, ya nuna cewa bayan kwana 90 waɗanda suka kwana a katifa mai matsakaicin tauri sun fi samun sauƙi a kan masu katifa mai tsananin tauri. Wanda ya fi jin jiki a katifa mai tauri shi ne mai kwanciya ta gefe, domin dukan nauyinsa yana taruwa ne a kafaɗa da ƙugu.

Kafin a taɓa aljihu, a fara da abin da jirgin yake bayarwa kyauta. Jirage da yawa suna ajiye wani siririn soso mai tudu da kwari kamar kiret ɗin ƙwai, wanda mai gyaran ɗaki yake shimfiɗawa a ƙarƙashin zanen gado idan an nema. Matsalarsa biyu ce: adadinsa kaɗan ne, kuma wanda ya riga nema shi yake samu. A waccan tafiya, da na tari mai gyaran ɗakinmu a rana ta huɗu yana tura kekensa na tawul, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Yallaɓai, ka yi haƙuri, tun daren farko suka ƙare.” Ya kawo lallausan bargo biyu ya ninke su a ƙarƙashin zanen, abin ya ɗan rage, amma kafin asuba sun tattare sun koma tsakiyar gado. Wanda zai dogara da soson jirgi ya rubuta wa kamfanin makonni kafin tafiya, ya nemi amsa a rubuce, sannan ya maimaita buƙatar ga mai gyaran ɗaki cikin sa’ar farko da shigarsa. Ga mai ƙaramin jiki da tafiyarsa ba ta wuce kwana uku ko huɗu ba, wannan zai iya wadatarwa. Ga mai ciwon baya ko ƙugu, ban yarda a rataya barcin kwana goma a kan sa’a ba.

Daga cikin abubuwan saye, akwai waɗanda ba sa buƙatar dogon bayani. Shimfiɗar roba ta asali, wadda ake yi da ƙaron bishiyar roba, tana da daɗi da ƙarko, amma nauyinta ya sa ta zama kayan gida kawai. Ta gashin tsuntsu ko ta auduga tana cika akwati, kuma dare ɗaya ya isa ta kwanta ta zama bargo. Babbar katifar iska mai famfon lantarki ba ta da mazauni a ɗakin da da ƙyar yake kai murabba’in mita 17, kuma tana ƙara wa gado lilo a kan lilon teku. Bargon lantarki da duk abin da yake ɗumama da wuta kuwa, a bar su a gida, domin irinsu ne ake karɓewa a bakin shiga jirgi saboda tsoron gobara.

Wanda ya fi jan hankalin masu saye shi ne soson nan mai lotsawa a hankali ya ɗauki siffar jiki, wanda ’yan kasuwa suke kira memori fom, aka kuma fara ƙera shi a 1966 ƙarƙashin wani aikin hukumar NASA ta Amurka domin kujerun jirgin sama. Na gaskiyarsa yana sauƙaƙa wa kafaɗa ƙwarai. Sai dai yana riƙe zafi, yana kuma ƙara tauri a ɗaki mai sanyin na’ura, sannan idan aka fasa ledar da aka matse shi a ciki yakan ɗauki yini ɗaya zuwa uku kafin ya gama kumbura warin masana’anta ya fita, wanda a ɗaki maras taga abin damuwa ne. Babban aibinsa shi ne ba ya komawa yadda ya zo. Jiragen sama da yawa suna ƙayyade akwati a kilo 23 da jimillar tsawo da faɗi da kauri santimita 158, kuma soson da ya riga ya kumbura ba zai shiga wannan ma’auni tare da tufafi ba. Mutane da dama sukan saye shi a garin da jirgi zai tashi, su bar shi a ɗaki ranar sauka, wato sun biya kuɗin abin da zai yi shekaru domin aikin mako guda.

Abin da nake tafiya da shi yanzu, kuma nake ba kowa shawara a kansa, shi ne shimfiɗar masu kwana a tanti, mai hura kanta da kanta. Wasu tsofaffin injiniyoyin kamfanin Boeing ne suka fito da ita a birnin Siyatil na Amurka a farkon shekarun 1970 da sunan Therm-a-Rest, yanzu kuma kamfanoni da yawa suna yin irinta. Yadda take aiki mai sauƙin fahimta ne: soso ne mai buɗaɗɗun ƙofofi aka manne a cikin yadin da iska ba ta ratsawa, aka sa masa bawul a kusurwa. Idan an kwance ta aka buɗe bawul, soson yana miƙewa yana zuƙo iska da kansa, ba famfo ba lantarki, sai a ƙara hurawa biyu ko uku da baki a rufe. Abin da ya ɗaga ta sama da sauran a wurina shi ne ana iya daidaita laushinta. Nakan shimfiɗa ta bisa katifar jirgin, in kwanta ta gefe, in miƙa hannu in murɗa bawul kaɗan ina jin hucin iskar yana fita, har sai kafaɗata ta nutse amma ƙuguna bai taɓa katifar ƙasa ba, sannan in rufe. Babu soson da yake ba mutum wannan iko. Idan a dare na biyar baya ya nemi ƙarin tauri, numfashi biyu ya isa.

Mai kaurin santimita 5 ita ce mafi ƙarancin da zan amince da ita, mai 7 zuwa 8 kuma ta fi dacewa da mai jiki. Irin wannan ba ta cika wuce kilo 2 ba, kuma ranar sauka ana buɗe bawul a naɗe ta ana dannawa da gwiwa, ta koma jakarta ta shiga akwati. Ta kuma dace da tsarin gadon jirgi, domin a yawancin ɗakuna ƙananan gadaje biyu ne ake haɗawa su zama babba, saboda haka ma’aurata kowa yana iya gyara ɓangarensa ba tare da ya tilasta wa ɗan’uwansa ba. Tana da nata aibi, ba zan ɓoye ba. Faɗinta yakan tsaya tsakanin santimita 63 da 76, bai kai na gadon ba, don haka a nemi mafi faɗi mai kusurwa huɗu, a guji mai tsukewa ta wajen ƙafa. Wadda samanta yake da santsi tana zamewa tana ƙara idan an juya, maganinsa a zaɓi mai lallausan yadi, a sa tawul a ƙarƙashinta, a roƙi mai gyaran ɗaki ya ɗaure zanen gado a samanta. Ya kamata kuma a karanta jerin kayan da kamfanin jirgin ya haramta, domin kowane kamfani da nasa, idan an ga batun kayan hurawa a tambaye su a rubuce.

Inda nake so a fi buɗe ido shi ne wajen saye, domin a nan aka taɓa cutata. Kafin tafiyata ta biyu na sayi soso mai ɗaukar siffar jiki ta intanet, an rubuta kaurinsa santimita 7, ga hoton hannu ya lotsa a ciki, ga tambarin shaidar inganci, ga ɗaruruwan masu yabo. Saboda kada ya kumbura ban buɗe shi a gida ba, sai a cikin jirgi bayan mun bar tasha. Bayan kwana biyu na sa ma’auni na auna, santimita 4 ne da ƙyar, idan na danna da yatsa nan take yake dawowa kamar soson wanke kwano, warinsa kuma ya sa dole na fitar da shi. A tsakiyar teku babu inda za a mayar da kaya. Da na san lissafin da na sani yanzu, da sikeli kaɗai ya tona asirinsa tun yana cikin leda. Ingancin soso yana tafiya ne da yadda ya danƙaru, ana auna shi da kilo a kowace kubik mita, kuma mai kyau na wannan nau’i yakan kai wajen kilo 50. Shimfiɗa mai tsawon santimita 190, faɗi 90, kauri 7 tana da kusan kubik mita 0.12, don haka nauyinta ya kamata ya kai kilo 6. Tawa ba ta cika kilo 2 ba. Duk mai sayarwar da ya ƙi faɗin nauyin kayansa ko danƙarewar sosonsa, a wuce shi.

Tambarin shaida shi ma ana kwafarsa a manna a hoto. CertiPUR-US, mai tantance sinadaran soso, tana da jerin kamfanonin da ta amince da su a shafinta, OEKO-TEX kuma, mai tantance kayan yadi, kowace shaidarta tana ɗauke da lamba da ake iya bincikawa. Tambarin da babu lamba ko babu sunan kamfanin a jeri ado ne kawai. A lura da yabon da aka jera a rana ɗaya da kalmomi iri ɗaya, da kuma yabon da idan an karanta da kyau ana maganar wani kaya ne daban, domin akwai masu sauya kayan da ke shafi su bar tsohon yabo. Ni nakan fara karanta masu ƙorafi, musamman waɗanda suka ɗora hoton ma’auni a jikin kayan.

Shimfiɗar da nake yabo ma ba ta tsira daga jabu ba. Akwai waɗanda ake tallatawa da sunan masu hura kansu alhali babu soso ko ɗaya a cikinsu, jakar iska ce mai famfon ƙafa, nauyinta da bai kai rabin kilo ba shi yake fallasa ta. Akwai masu auna kauri a wurin matashin kai da aka haɗa mata, su rubuta santimita 10 alhali jikin bai kai 4 ba. Mafi muni ita ce mai raunin manni, wadda yadinta yake rabuwa da soson ya yi ƙulli kamar ƙwallo a tsakiyar baya, wannan kuwa ba ta gyaruwa. Idan an ga sanannen suna a farashin da ya faɗi ƙasa warwas, a tuna araha ba ta ado, a saya daga kamfanin kansa ko dilan da ya lissafa a shafinsa, a kuma tabbatar akwai garanti da damar mayarwa.

Ko daga ina aka saye ta, ta iso aƙalla mako biyu kafin tafiya. Sabuwa takan yi jinkirin hurawa a karon farko saboda daɗewa a matse, sai a bar ta a buɗe yini guda. Bayan haka a hura ta sosai, a rufe bawul, a ɗora mata littattafai masu nauyi ta kwana. Idan da safe ta ɗan yi laushi, wannan iskar baki ce mai ɗumi ta huce, amma idan littattafan sun taɓa ƙasa, ta sace, sai a shafa ruwan sabulu a bakin bawul da gefuna a ga inda kumfa take tashi, a mayar da ita. Wadda ta tsallake, a kwana a kanta dare biyu bisa wuri mai tauri domin a gane yawan iskar da jiki yake so, a jefa ’yar jakar facinta a aljihun akwati. Bayan an dawo kuma a ajiye ta a miƙe, bawul a buɗe, ƙarƙashin gado ko bayan ƙofa, domin soson da ya yi watanni a naɗe yana rasa ƙarfin miƙewa.