Batirin ruwa ko na lithium: wanne ya dace da inbata a ofishin gida?

Batirin ruwa mai ƙarfin 12V 200Ah yana riƙe wat-awa 2,400, amma rabi kawai ya kamata a ci, domin zuƙe shi ƙarƙaf yana rage masa kwana. Wannan rabin zai riƙe kwamfutar cinya da fanka da na'urar intanet kimanin awa bakwai. Yana da arha, sai dai nauyinsa ya kai buhun siminti, yana son ƙarin tataccen ruwa, kuma zafin Afrilu yana cinsa.

Na lithium kuwa ana iya cin kashi 80 cikin ɗari, kuma yana cika da sauri, abin da ke da muhimmanci inda wuta ba ta daɗewa. A ganina, mai aiki kullum ya daure ya biya tsadarsa, muddin inbatarsa tana karɓarsa.