Murfin tausasa hasken filas: inda yake amfani da inda yake cin batir a banza

Na gwada kala biyu na murfin da ake sa wa filas ɗin kyamara a wuraren biki a Kaduna, daga zauren dina a Unguwar Rimi zuwa kamu a tsakar gida a Tudun Wada: farar hular roba da ake kifawa a kan filas, da ƙaramin akwatin ƙyalle da ake kira sofbos, mai faɗin kamar santimita 20, wanda ake ɗaurewa da maɗauri.

Abin da yake tausasa haske shi ne girman wurin da hasken ya fito idan aka gwada shi da fuskar da ake ɗauka. Kan filas bai kai tafin hannu ba, shi ya sa inuwarsa take da kaifi, goshin amarya ya yi ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, inuwar kanta kuma ta kwanta baƙi ƙirin a bango. Hular robar ba ta ƙara wa kan filas girma. Watsa hasken take yi ko'ina, ya bugi silin da bango ya dawo. Ke nan ɗakin ne yake tausasa hasken.

A zaure mai farin silin na POP da bai wuce mita 3 ba, hular tana burge ni ƙwarai. Ɗaga kan filas sama kamar digiri 60, a kyamara sa ISO (ƙarfin karɓar haske) 800, buɗin lens f/4, saurin ɗauka 1/125 na daƙiƙa, ƙarfin filas ya fara daga 1/8 na cikakken ƙarfinsa, ka ƙara idan fuska ta yi duhu. Hasken da ya sauko daga sama yakan bar inuwa a ƙarƙashin ido da ƙarƙashin gwaggwaro, to ɗan abin da hular take turawa gaba shi yake cike wannan inuwar. Leshi mai duwatsu yana fitowa da kyau, kowane dutse da walƙiyarsa, ba ya zama farin tabo guda. Amma duba launin silin kafin ka fara. Idan masu ado sun lulluɓe shi da yadi ja ko ruwan hoda, wannan launin ne zai sauka a fuskar kowa, kuma gyaran fata mai ja a kwamfuta aiki ne mai cin rai.

A fili kuwa, ko ƙarƙashin rumfa mai tsayi, cire ta ka sa a aljihu. Babu abin da zai dawo da hasken. Tana cinye rabinsa ko fiye, inuwa tana nan da kaifinta, filas yana daɗewa kafin ya sake cika, ya yi zafi, batir ya mutu ana tsaka da liƙi. Yana yi mini ciwo in ga matasa masu ɗaukar hoto suna yawo da ita a kan filas da rana tsaka a wurin ɗaurin aure, suna zaton tana yi musu wani abu.

Sofbos ɗin shi yana ƙara girman hasken da gaske, sai dai a kusa kawai. Daga mita 1 zuwa 1.5, hoton kai da kafaɗa ko na lalle a hannu yana fitowa da laushi, gefen inuwar hanci ya narke. Da ka ja baya zuwa mita 3, ya koma ƙarami a kan fuska, bambancinsa da tsirarar filas kaɗan ne. Ga shi duk lokacin da tazara ta ninka, hasken da yake isa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Don hoton dangi mutum goma sha biyar, bai dace ba.

Yana da aibu biyu. Nauyinsa yana sa kan filas ya riƙa sunkuyowa, kuma idan ba a ɗaure shi sosai ba, leɓensa na ƙasa yana tare jar fitilar da take taimaka wa kyamara kama fuska a duhu, sai ka ji tana ta lalube.

Masu aiki da TTL, wato tsarin da kyamara take auna ƙarfin filas da kanta, su kula da farar shadda. Babbar rigar ango tana ruɗar ma'aunin kyamara, kyamarar ta rage hasken, fuska ta dushe. Ƙara +0.7 a saitin ƙarin hasken filas yana gyara wannan.

Lokacin hunturu, ƙura tana maƙale wa ƙyallen gaban sofbos, ya koma ruwan ƙasa, hasken ya ragu. A goge shi da tsumma mai ɗan danshi, a ajiye a jakar leda. Hular roba kuma idan ta tsufa ta fara rawaya, a canza ta, don launin zai shiga hoto.

Wanda zai sayi ɗaya kawai kuma aikinsa na zauren biki ne, ya ɗauki hular. Ya tafi da filas ɗinsa shago ya gwada, domin kowane kan filas da girmansa, wadda ba ta kama daram ba kuwa faɗuwa za ta yi a tsakiyar filin rawa.