Lemon Amalfi mai gas a gida: me za a saya, me za a bari a kan kanta

A gaɓar tekun Amalfi da Sorrento, kudu da birnin Naples na Italiya, akwai abin shan da ake kira limoncello spritz, ruwan ɗorawa fatau a babban kofin gilashi cike da ƙanƙara. Abu uku ne a cikinsa: kashi 3 na prosecco, kashi 2 na limoncello, kashi 1 na ruwan soda. Biyun farko giya ce. Prosecco giyar inabi ce mai gas daga yankunan Veneto da Friuli, barasar cikinta wajen kashi 11 cikin ɗari. Limoncello kuwa ɓawon lemo ne da aka jiƙa a tsantsar barasa aka zuba ruwan sukari, ƙarfinsa yakan kai kashi 25 zuwa 30 ko sama da haka. Na faɗi wannan tun farko don kada kalar ta ruɗi kowa. Bayanin nan na mai son wannan ƙamshi da wannan sanyi ne ba tare da giya ba, kuma abu ne mai yiwuwa, domin abin da ya fitar da sunan limoncello ba barasar ba ce. Man da ke cikin ɓawon lemo ne.

Saboda haka lemon shi ne abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa. Manoman Amalfi suna noma wani iri da suke kira sfusato, mai tsini, mai kaurin ɓawo, a 'yan gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin duwatsu, har yau a kafaɗa ake sauko da yawancinsa. Na Sorrento ya fi shi zagaye, kuma an saba rufe bishiyoyinsa da asabarin ciyawa a kan rumfunan itace saboda sanyi da iska. Tarayyar Turai ta ba wa na Sorrento kariyar suna a 2000, na Amalfi a 2001, wato ba a sayar da lemon wani wuri da sunansu. Ba za ku same su a Kano ko Yamai ba, kada ma ku wahalar da kanku. Abin da ke gabanmu a kasuwa iri uku ne.

Akwai babban lemon tsami rawaya da ake shigowa da shi daga ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Masar, wanda manyan kantuna ke jerawa yana sheƙi. Ƙamshinsa ya fi kusa da na Italiya, amma sheƙin nan kakin da aka shafa masa ne don ya jure tafiya, kuma sau da yawa akwai maganin hana fumfuna a tare da kakin, irin su imazalil. A Italiya ma doka ta sa a rubuta a jikin ragar lemo idan ɓawonsa ba na ci ba ne. Mai matse ruwa kawai ba shi da damuwa sosai, mu kuwa ɓawon muke nema. Idan shi kaɗai aka samu, a zuba masa ruwan zafi a cikin rariya, a goge da buroshi mai tsabta, a tsane da tawul. Wannan yana cire kakin, ba ya cire maganin duka, don haka idan kwali ko takardar jiki ta nuna ba a yi masa feshi bayan girbi ba, a ɗauki wannan ko da ya ɗan fi tsada.

Sai babban lemon tsami na gida, mai gurzajjen jiki, kore-kore, wanda mutane ke wucewa saboda ba shi da kyan gani. Ni shi nake zaɓa. Ba a shafa masa komai ba, ɓawonsa da kauri, kuɗinsa kaɗan. A karce shi da farce a wurin mai sayarwa a shinshina: idan farcen ya yi danshi da mai, ƙamshin ya daki hanci nan take, a saya. Idan ya yi laushi ko fatar ta fara yanƙwanewa, ya kwana biyu, mansa ya tafi. Aibinsa ɗaya, ba zai ba da rawayar nan mai haske ba, kuma ruwansa bai kai na waje yawa ba.

Ƙaramin lemon tsami da muka saba da shi a zoɓo daban yake. Ɓawonsa siriri ne, yana saurin kawo ɗaci, ƙamshinsa ma wani ne. Ruwansa zai yi amfani idan ana son ƙarin tsami, amma ba a gina wannan abin sha a kan ɓawonsa.

Da lemo a hannu, sai a yanke shawara: a sayi haɗaɗɗe ko a haɗa da kai? Kamfanin Pallini na birnin Rum, wanda ya shahara da limoncello, yana fitar da wani marar barasa mai suna Limonzero. Wanda ke Turai ko yake da mai kawo masa tsaraba zai iya gwadawa, shi ne hanya mafi sauƙi. A nan kuwa wuyar samu da tsadar kawowa sun sa ban ga dalilin binsa ba. Akwai kuma Limonata na Sanpellegrino a gwangwani, wanda wasu manyan kantuna ke kawowa. Yana da daɗi, akwai ruwan lemo na gaske a ciki, sai dai gamammen lemon sha ne da sukarinsa da gas ɗinsa, ba ya barin wurin gyara. Ya dace da ranar da baƙi suka yi sallama ba shiri.

Haɗin gida ya fi su duka, kuma bai wuce lemo da sukari ba. A fere lemo 6 da abin feraye dankali, sama-sama, rawayar ko koren kawai. Farar tsokar da ke ƙarƙashi ita ce gidan ɗaci, duk inda ta biyo ɓawo a kankare ta da wuƙa. A zuba ɓawon a kwalbar gilashi mai murfi da farin sukari giram 200, a danna da bayan cokali, a rufe a bar shi ya kwana. Da safe za a ga sukarin ya jiƙe ya koma rawaya, ya tsotso man ɓawon, ƙamshi ya cika kwalbar. Aikin da barasa ke yi a limoncello ke nan, sukari ya yi shi. A zuba ruwa mai ɗumi mililita 150 a juya har ya narke, a matse lemon da aka fere a ƙara ruwansa, a tace. Kada a tafasa, wuta tana kore ƙamshin ta bar ɗanɗanon alawa. Farin sukari nake nufi. Zuma da mazarƙwaila suna da nasu ƙamshin, za su danne na lemon. A firji zai yi mako guda lafiya.

Inda aka fi yin asarar kuɗi shi ne wajen abin da zai maye gurbin prosecco. Ido yakan tafi kan kwalaben ruwan inabi mai gas da ake kaiwa wurin biki, masu toshiya da zinariyar takarda a wuya. Ku duba lissafin nan. Prosecco da aka rubuta wa Brut sukarinsa bai kai giram 12 a lita ba, wanda aka rubuta wa Extra Dry yana tsakanin 12 da 17. Ruwan inabin da bai tsimu ba kuwa yakan kai giram 150 a lita, ya zarce lemon kwalba. A ɗora wannan a kan ruwan ɓawon da shi ma sukari ne, sai zaƙi ya hau zaƙi, a kurɓa biyu a ajiye. Idan har ana son ɗanɗanon inabi, a sayi fari, a sa kaɗan, ruwan soda ya fi yawa.

Akwai kuma giyar inabi da aka tsima sannan aka zare mata barasa. Zaƙinta kaɗan ne, shi ya sa ta fi kama da ainihin abin. Sai dai a karanta takardar baya da kyau, domin da yawa suna ɗauke da ragowar da ta kai kashi 0.5 cikin ɗari, wasu kuma an rubuta 0.0. Malamai sun yi saɓani a kan irin wannan, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba bai rasa komai ba idan ya bar ta. Haka nan 'yar kwalbar Angostura da masu haɗa Chapman ke ɗigawa: barasarta kashi 44.7 ce cikin ɗari, mutane da yawa ba su sani ba.

Abin da nake ba da shawara a saya shi ne ruwan soda zalla, marar zaƙi, a ƙananan gwangwanaye ko kwalabe. Babbar roba ta fi araha a ido, amma da an buɗe ta sau biyu gas ya fita. Ruwan tonik yana da sukari da ɗacin kwinin, zai ja abin zuwa wani ɗanɗano, ko da yake mai son ɗan ɗaci zai iya maye kashi ɗaya cikin huɗu na sodar da shi. Ruwan ma'adinai mai gas da ake kawowa daga Turai yana da kyau a sha shi kaɗai, amma kumfarsa ba ta fi ta soda ba, kuɗinsa kuma ya ninka. Ko wanne aka saya, ya yi sanyi ƙalau kafin a buɗe, domin ruwan sanyi ya fi riƙe gas.

Ƙanƙara manya-manya, daga ruwan da aka yarda da tsabtarsa. Dakakkiya tana narkewa nan da nan a zafinmu ta tsinka komai. Kofi na gilashi, kowane iri ne mai faɗin baki. A guji farin kofin soso na yarwa, man ɓawon lemo yana cin jikinsa.

Wajen zubawa, a cika kofi da ƙanƙara, a sa ruwan ɓawo mililita 40, farin ruwan inabi 30 idan ana so, soda 120 a kwarara ta gefen kofi a hankali. A juya sau ɗaya daga ƙasa. A yanki sabon ɓawo a matse shi a saman kofin, bayansa na kallon ruwan, har a ga feshin mai ya sauka, sannan a jefa shi ciki da ganyen na'a-na'a ko ɗoɗɗoya. Wanda ya ji zaƙi ya yi masa yawa ya rage ruwan ɓawon zuwa 30 ya ƙara matsin lemo, kada ya ƙara ruwa.