Avatar ya ci kasuwa, amma wai ba wanda ke tuna shi?

Gardamar nan ta Avatar fa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu sun dage wai fim ɗin James Cameron kuɗi kawai ya kwasa a 2009 ya wuce bai bar komai ba, ko barkwancin intanet a kansa babu, ni kuma na sake kallonsa daga farko har ƙarshe kuma gaskiya ban yarda da su duka ba.

Inda suke da gaskiya, labarin ba sabo bane. Baƙo ya shiga cikin mutanen da aka zo ƙwace wa ƙasa, ya kamu da son 'yarsu, ya juya wa nasa baya, shi ke nan. Ka tambayi mutum sunan jarumin sai ya yi ta inda-inda kafin ya tuno Jake Sully, kuma ba wata magana daga fim ɗin da ta zauna a bakin mutane. Yayin 3D da ya kawo ma bai yi ƙarko ba, sinimomi suka yi ta sauya na'urori, kamfanoni suka cika kasuwa da talabijin mai tabarau, zuwa 2017 LG da Sony sun daina yin su.

Amma don Allah a duba ɗaya ɓangaren mana. A 2010 Falasɗinawa a ƙauyen Bil'in sun shafa shuɗin fenti suka yi shigar Na'vi, wato shuɗayen mutanen da aka zo ƙwace wa ƙasa a fim ɗin, suka fito zanga-zanga kan katangar da ta raba su da gonakinsu, saboda sun ga kansu a cikin labarin, wannan kaɗai ya fi min duk wani barkwancin intanet nauyi. A shekarar ne a China aka sa wa wani dutse na Zhangjiajie sunan fim ɗin. Disney ta buɗe wurin shaƙatawa na Pandora, wato duniyar da labarin fim ɗin ya faru, a Florida a 2017, yaren Na'vi da Paul Frommer ya ƙirƙira kuma har yau akwai masu koyonsa. Sannan kashi na biyu ya fito a 2022, bayan shekara 13 cur, ya tara sama da dala biliyan 2.3. Ta ina mutanen da suka manta da abu za su yi wannan tururuwar?

Ni a ganina ƙarfinsa a ido yake, shi ya sa ba a iya ba da labarinsa da baki. Wurin nan da Neytiri, 'yar Na'vi ɗin da Jake ya kamu da sonta, ke tafiya da shi cikin daji da dare, duk inda suka taka ƙasa sai ta kawo haske, tsirrai na walƙiya shuɗi da shunayya, wallahi har yanzu tsigar jikina tashi take. Ba banza ya ci Oscar 3 ba, har da na ɗaukar hoto.

In za ka kalla ka nemi babban allo da sauti mai kyau, a waya rabin daɗin ya tafi, kuma ka shirya zama don minti 162 ne.