Ƙwaya ko ƙararrawa: abin da na gani a Ingila kan fitsarin kwance

Yaya, salamu alaikum. Ina fata kuna lafiya ke da yara. Saƙonki ya iso, kin ce in binciko miki maganin fitsarin kwance da ake ba yara a nan Ingila, in zai yiwu in aiko saboda 'yarki. Na ga gara in yi miki bayani tukuna, domin mu ma mun sha wannan fama da babban yarona har ya kai shekara 7.

Ranar da na kai shi asibiti, niyyata a ba ni ƙwaya in fito. Sai nas ɗin ta zaunar da mu tana tambaya: sau nawa yake bayan gida a mako, me yake sha da rana, ni ko babansa akwai wanda ya yi fitsarin kwance yana ƙarami? Ashe abin yana bin jini, kuma taurin bayan gida kan danne mafitsara. Daga nan ta dubi yaron ta ce masa ba laifinsa ba ne. Wallahi Yaya, har yau in na tuna faɗan da na riƙa yi masa da asuba sai zuciyata ta sosu.

A nan yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ba ya biyan kuɗin magani, gwamnati ke biya, shi ya sa suke lissafin abin da kyau. Akwai hukumar NICE mai auna amfanin magani da kuɗinsa, kuma a ƙa'idar da ta fitar a 2010 ta ce ga yawancin yara a fara da ƙararrawa kafin ƙwaya. 'Yar na'ura ce kamar kwalin ashana, ana maƙala ta a wuyan riga, da siririyar waya zuwa wando. Da ɗigon farko ya taɓa ta sai ta ɗau ƙara. Makonnin farko kowa a gidan yana farkawa ban da mai fitsarin. Ni ke tashi ƙarfe biyu na dare in tashe shi, in raka shi banɗaki, mu canza zanin gado. A mako na shida ya fara tashi da kansa. Ba a cire ƙararrawar sai yaro ya yi dare 14 a jere bai jiƙa shimfiɗa ba. Ba kowane yaro take yi wa aiki ba, amma sau ɗaya ake sayenta, sai dai batir, kuma yaron da ya koyi tashi yakan riƙe abinsa.

Ƙwayar da kike ji ana faɗa sunanta desmopressin. Tana rage fitsarin da ƙoda ke tarawa da dare, kuma aikinta nan take ne. Lokacin da makarantarsu ta tafi da su kwana uku, tun kafin mu gama da ƙararrawar, ƙwayar aka ba mu, ya dawo da fara'arsa ba wanda ya san komai. To amma kullum dare sai an sha, wata da watanni, kuma yara da yawa da an daina sai fitsarin ya dawo. Shi ya sa duk wata uku ake tsayar da ita mako guda a gani. Ke da za ki riƙa biya daga aljihunki, ki lissafa kuɗin wata shida, ba na kwali ɗaya ba. Tana da sharaɗi mai nauyi kuma: yaro ba zai sha ruwa ba, sai ɗan kurɓi, daga awa ɗaya kafin ya sha ta har awa 8 bayan haka. In aka saɓa, gishirin jini na iya sauka har ya kai ga jijjiga. Wannan ne ya sa tun 2007 aka daina ba da ta fesawa a hanci don fitsarin kwance.

Akwai wata tsohuwar ƙwaya mai araha, imipramine. Don Allah ko an ce miki tana aiki kada ki saya da kanki. In ƙaramin yaro ya samu kwalbar ya haɗiye da yawa, tana taɓa zuciya, tana iya kisa. A nan sai sauran hanyoyi sun gaza ake ba da ita.

Ƙwaya dai ba zan aiko ba, sai likita ya ga yarinyar ya duba fitsarinta, musamman in tana yawan jin ƙishirwa ko tana jiƙa wando da rana. Ƙararrawar zan saya in ba mai tahowa. Na san ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannenta, don haka ki shirya wa 'yan makonni na rashin barci, ki kuma ja musu kunne kada wanda ya sake kiranta amalala. Ki gaishe min da su duka.