Farin ruwan inabin da na sayo don 'yan kawo lefe

Dogayen kwalaben nan masu ruwan zinare da ake jerawa kusa da su Eva da Chamdor a manyan kantunan Katsina, an manna musu takardar cewa babu barasa, ba iri ɗaya ba ne da na kusa da su. Duk mai niyyar saye ya juya bayan kwalbar tukuna, don yaron kanti ba zai gaya masa komai ba.

Za a kawo lefen ƙanwata, na so a fita kunyar surukai da abin da ba kowa ke ajiyewa ba. Yaron ya ce, "Hajiya, ga na manya nan, daga waje yake." Chardonnay ne sunan inabin. Na ɗauki iri biyu na kamfani ɗaya, ɗaya mai haske, ɗaya mai duhun zinare wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Allah ya sa Gwaggo ta ce ba a ba baƙo abin da ba a ɗanɗana ba, muka buɗe su tun da daddare.

Mai hasken ba shi da wani labari. Babu gas, babu zaƙi, sai tsami mai kaifi na ɗanyen tuffa da lemun tsami, ya wuce maƙogwaro ya ɓace. Amma mai duhun, gaskiya ya ba ni mamaki. Tun kafin kofi ya kai baki ƙamshin banila ya tare ni, da wani ɗan hayaƙi-hayaƙi a bayansa. A baki kuma ya fi nauyi da laushi, tsamin ya kwanta, akwai maiƙo-maiƙon man shanu, sannan ya bar ɗan bauri a harshe wanda ya daɗe bai tafi ba. Da ya ɗan huce daga sanyin firij ƙamshin ya ƙara buɗewa. Na so shi sosai. Gwaggo kuwa kurɓa ɗaya ta ture kofin ta ce, "'Yar nan, wannan ai ruwan katako ne."

Ashe ta faɗi daidai. Ƙanina da ya karanci kimiyyar abinci ya duba takardar kamfanin da ke bayan kwalbar ya ce mai hasken a tankin ƙarfe aka ajiye shi, mai duhun kuwa ya yi watanni cikin gangar itacen oak, wani itace mai ƙarfi da ake samu a Turai da Amurka. Irin gangar da ake yi a Bordo ta Faransa lita 225 take ci. Ana shanya katakon a waje shekara 2 zuwa 3, sannan maƙerin gangar ya gasa cikinta da wuta, kuma gashin ne ke fito da banilar da hayaƙin da na ji. Iska na ratsa katakon kaɗan-kaɗan, ita ke sa launin ya yi duhu. Itacen Amurka ya fi ƙarfin ƙamshi, har da na kwakwa, na Faransa ya fi sanyin hali. Sabuwar ganga ce ke ba da ƙamshi sosai, in an cika ta sau 3 ko 4 ta gama ba da abin da ke jikinta, shi ya sa masu neman sauƙi ke zuba ɓarɓashin katakon a tanki kawai. Duk macen da ta taɓa turara randa ta san yadda mazubi ke shiga cikin ruwa, don haka wannan bai yi mini wuyar fahimta ba.

Abin da ya biyo baya ne ya ɓata mini dare. Na ce to yaya ruwan inabi zai yi watanni a ganga bai lalace ba? Ya ce, "Yaya, ai ba a matsayin ruwan inabi ya zauna a ciki ba." Giya ce cikakkiya aka fara yi, ta tsumu a gangar, daga baya aka cire barasar da na'ura. Barasa na tafasa a digiri 78, amma idan an zuƙe iskar tukunyar sai ta tashi da ɗan ɗumi, ƙamshin itacen ya zauna. Can ƙasan takardar kamfanin, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa barasar da ta rage ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Mai hasken ma haka aka yi shi. Wato daɗin da nake yabawa, a lokacin da abin yake giya ya same shi.

Na kira malaminmu da asuba. Ya ce akwai saɓani a kai, amma shi ba zai sha ba, kuma bai dace in ba mutane abin da ba su san asalinsa ba. Ni ma zuciyata ba ta kwanta ba. Dattawan mata daga Ƙofar Sauri, wasu da carbi a hannu, in miƙa musu wannan? Zoɓo da kunun aya da lemun kwalba muka fitar, aka sha aka yi albarka.

Ba ni da rigima da kamfanin, sun rubuta gaskiyarsu ko da ƙanana ne haruffan, kuma sun iya aikinsu. Rigimata da kantin ce. A garin da ake bin shari'a tun shekarar 2000, ka ajiye wannan a kanta ɗaya da lemun yara, ka liƙa masa takarda da hannunka cewa babu barasa! Da na mayar da sauran kwalaben, ko murfinsu ba a taɓa ba, ga rasit a hannuna, manajan ya ce abin sha ba ya dawowa, kuma "manyan mutane na saye ba su taɓa ƙorafi ba, Hajiya." Na ce ko kuɗin ba za su dawo ba, a raba musu kanta a rubuta yadda aka yi su. Ya ce zai gaya wa mai kanti. Na sake bi ta wajen bayan biki, suna nan inda suke, da takardar tasu.